Ƙarar da ba ta zuwa gareji

Muna tsakiyar hawan nan na hanyar Gwaram, daidai inda wata tsohuwar tsamiya take a hannun dama, Baba ya sauko da giya ya taka totur, sai kawai abin ya ɓarke. Farrrr, kat-kat-kat-kat, irin yadda yara ke soka kwali a tayar keke don ta yi kukan babur, amma wannan har a kujera nake jin sa yana kaɗa ni. Kakar shekarar da na shiga aji huɗu ce, an ba mu hutu ke nan, ina zaune a gaba kusa da shi da guntun rake a hannu, ƙafafuna ko ƙasa ba sa kaiwa. Bayanmu buhunan dawa ne da wake an tula har sun ɗara kan motar tsawo. Nan take motar ta yi laƙwas kamar an riƙe mata wutsiya, na leƙa madubi na ga baƙin hayaƙi ya turnuƙe hanya. Baba ya ce, "Hasbunallahu wa ni'imal wakil," ya gangara gefe ya ɗaga ƙafa. Tsit. Inji na kaɗawa sumul kamar ba shi ya yi ba. Ya sauke ni, ya kifa kan motar, ya leƙa nan ya taɓa can, ya durƙusa ya duba ko mai na ɗiga. Babu komai. Ya daɗe tsaye riƙe da ƙugu, ni kuwa na daina shan raken, don ban taɓa ganin fuskarsa a haka ba. A giya ɗaya muka lallaɓa muka ƙarasa hawan, har wani mai jaki yana jera kafaɗa da mu yana yi mana sannu.

Bari in gaya muku abin da ya sa ƙarar mota ta hana yarinya shan rake. Kafin wannan motar, tirela Baba yake ja wa wani Alhaji, daga Kano zuwa kudu, sai ya shafe watanni ba mu sa shi a ido ba. In ya zo ya zo da burodi mai nauyi da kwakwa, kafin mu gama sabawa da warin gas ɗin rigarsa ya sake tafiya. Ƙanena Nafi'u har ɓuya yake a bayan zanin Umma, wai baƙo ya zo. Ina aji ɗaya Baba ya ajiye tirela ya sayi wata tsohuwar motar kaya mai bodin katako, ya shiga jigilar amfanin gona daga ƙauyukan Birnin Kudu zuwa kasuwannin Gwaram. Daga lokacin muka zama masu uba a gida. Kafin magariba sai mu jiyo hon ɗinsa daga kan kwana, duk abin da ke hannunmu mu watsar mu ruga. Sau nawa na bar wanke-wanke rabi da rabi, na dawo na tarar akuya ta tura kai cikin tukunya, Umma na tsaye tana jira na da ido.

A ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida motar ke kwana, kuma wallahi ba mu ɗauke ta abin hawa ba, ɗaki muka ɗauke ta. Aikina ne in hau bodi da tsintsiya in share, in tattara hatsin da ya zube tsakanin katakai in watsa wa kaji, in ya yi auki Umma ta ce in kai wa maƙwabciyarmu mai ƙosai, in dawo da ƙosai mai zafi a takarda. Nafi'u shi ne mai wanke taya, duk da rabin ruwan a jikinsa yake ƙarewa. Ranar da babu lodi kuwa, yaran layinmu kaf a bodin nan suke yini. Nan muke carafke da 'ya'yan tsamiya, nan muke aurar da 'yar tsana mu dafa mata tuwon ƙasa a gwangwanin madara, in mun hau kan allon baya mu hango duwatsun gari da matan da ke shanya a kansu. A makaranta 'yar mai mota ake ce mini, har malaminmu na aji yakan tsayar da ni bayan tashi ya ce in tambayi Baba ko zai biyo masa da kara daga gona. Ni kuwa in tafi gida ina wani ɗaga kai kamar ni ce mai sitiyarin.

Matsalar ɗaya ce, injin da motar ta zo da shi ya tsufa tukuf. In an zo hawa sai masu kaya su sauka, wani ya bi ta da dutse yana tare taya. Ƙarshen daminar nan Baba ya yanke shawara, ya sayar da shanun huɗarsa guda biyu, ya tafi Kano ya sayo inji ɗan Kwatano, mai tobo. Yayansa, Baffa Isa, manomi ne na gidi, har gida ya zo ya zauna a zaure ya ƙi shan ruwan da na kai masa. Maganarsa har yau tana kunnena: "Sa in ya gaji ka yanka ka ci nama. Ƙarfe in ya gaji me za ka ci?" Baba ba ya mayar wa Baffa magana, amma injin dai ya zo a bayan a-kori-kura, an lulluɓe shi da buhu kamar amarya.

Kawu Ɗanjuma ne ya ɗaura shi. Bakanike ne, garejinsa na bakin titi, kuma taubashin Baba ne, ɗan gwaggonsa, don haka in suka haɗu ba a magana sai da tsiya a ciki. Shi ya nuna mini tobon da kan sifana, wani abu nannaɗe kamar dodon koɗi a jikin injin. Ya ce hayaƙin salansa ne ke juya shi, shi kuma ya zuƙo iska ya ɗura wa inji, kamar zuga-zugin maƙera, iyaka taka totur iyaka zuƙa. Sabon injin ya fi gidan tsohon girma, wurin da bututun iska yake zama ya toshe, sai suka kira mai walda ya jawo bututun ta baya ya miƙar da shi tsakanin kan mota da bodi, ya sa masa raga a baki. Ranar da aka tayar da shi, fito kawai muka ji, siririn fito mai daɗi, Kawu ya daki kafaɗar Baba ya ce, "To direban tirela, ka saba da mota mai hankali, ga mai zuciya nan an ba ka." Satin farko Baba hawa yake nema da gangan. Motar da ake tura ta, ita ce yau ke wuce bas tana yi masa hon.

Ashe kafin ranar da na ji ƙarar nan da kunnena, ta riga ta yi masa haka a kasuwanni da dama, bai faɗa a gida ba. Kuma duk dawowa sai ya wuce garejin Kawu. Abin haushin, da an shiga gareji ƙarar ba ta zuwa. Kawu yakan kafa bakin sukundireba a jikin injin ya ɗora kunne a kan mariƙin, ya lumshe ido kamar mai sauraron karatu, Baba na taka totur har kajin maƙwabta su watse. Sai ya ɗago ya ce, "Lafiyarsa ƙalau. Kunnenka ne ya tsufa, a kai shi a wanke." Baba ya ce, "Ina ruwan bakaniken da ya koyi aiki a injin markaɗe da sanin lafiyar mota?" Duk da haka babu abin da Kawu bai taɓa ba. Ya juye baƙin mai ya murza shi a yatsa yana neman garin ƙarfe, bai samu ba. Ya canza fambel. Ya kwance nozul ya kai aka wanke. Ya cire bututun tobo ya kaɗa farfelar da yatsa ko tana gogar jiki, tana juyawa kamar ruwa. Suka ɗauki motar ba kaya suka je har hawan tsamiya, ta haye tana fito. Kawu ya ce to nauyi take so, suka cika bodi da yashi suka koma, ta sake hayewa lafiya lau. A hanyar dawowa daga kasuwa ma, ko an yi mata lodin siminti, ba ta taɓa yi. Sai ranar kasuwa, sai a tafiya, sai a hawa.

Kun san garinmu, magana ba ta kwana. Masu shayin bakin tasha suka ce ai tsamiyar nan da ma ba ta son a wuce ta da hatsi ba sallama. Wata gwaggonmu ta ce baki ne, mota ta yi kyau an yi ta yabawa ba a cewa tubarkalla. Umma ta soya waina cike da kwando ta raba wa yaran layi sadaka, mu kuwa muka ci rabonmu muka koma bayan layi muka sake miƙa hannu. Malamin Islamiyyarmu da Baba ya je wa ya yi addu'a, sannan ya ce masa, "Addu'a mun yi, amma ka koma wa bakanikenka." Baffa Isa kuwa kullum in ya zo wucewa sai ya tsaya ya kalli motar ya girgiza kai, kuma wannan ya fi magana ciwo. A ƙarshe Kawu da kansa ya fara sanyi. Ya ce abin da ya rage kawai a sauke injin a farke shi, ko wani abu ne a can ciki da sai ya ɗau zafin doguwar tafiya yake motsi.

Ina tsakar gida ina tsince wake a tire na ji Baba yana gaya wa Umma a ƙofar ɗaki, da murya ƙasa-ƙasa. Ya ce in aka sauke inji a tsakiyar kaka, kakar ta wuce shi, kuma ba shi da sauran abin sayarwa da zai mayar da shi. Ya ce Alhajin nan na tirela ya aiko, yana da mota a tsaye ba direba, yana jiran amsa bayan kasuwa mai zuwa. Umma ta ce, "Allah Ya zaɓa mafi alheri," tana cikin tankaɗe, amma na ga rariyar ta tsaya a hannunta. Ni kuwa waken nan har da tsakuwa na zuba a tukunya. Satin nan ko bodi ban hau wasa ba. In na zo shara sai in tsaya in kalli injin ta ƙarƙashin kan motar, ina yi masa magana a zuci kamar mutum, ina cewa don Allah ka yi haƙuri, kar ka mayar mana da Baba baƙo.

Ranar kasuwar, muna idar da sallar asuba sai ga Kawu Ɗanjuma a ƙofar gida da jakar sifanunsa. Ya ce ya rufe gareji, yau ƙafarsa ƙafar motar. "Tunda ƙarar taka mai kunya ce ba ta zuwa gidana, ni zan je gidanta." Na riga kowa shiga gaba na zauna a tsakiya na ƙanƙame, Baba ya kalle ni ya kalli Umma, ya ce, "Bar Uwata ta zo." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, kuma shi ya sa da wuya ya ce mini a'a.

A Unguwar Ya muka yi lodi. Wanda bai taɓa ganin motar ƙauye ranar kasuwa ba, ba zai gane ba. Buhuna kaɗan ne daga cikin abin da take ɗauka, sauran duk saƙo ne. Wannan ta kawo ƙullin kuka a kai wa 'yarta, wancan ya kawo zabi biyu a ɗaure a kai wa surukinsa, wani fartanya ce za a kai wa maƙeri, wani ma magana ce kawai, a gaya wa wane an haihu. Ba a biya, ba a rubutawa, kuma ba ya ɓata. Waɗanda suka daɗe suna aike ma sun daina faɗa, kowa ya san lungunsa a jikin motar, ya zo ya cusa ya tafi, can kuma mai karɓa ya zo ya zare. 'Yan dako na ta jifa da buhuna suna waƙa, Baba na kan lodi yana jan igiya, Kawu ya samu mai koko ya zauna yana tsokanar ta wai ta cika ruwa. Sai ga Iya Dije ta taho da sandarta. Tsohuwa ce, aminiyar kakata tun suna 'yan mata, saƙar faifai take yi, kuma saboda sunan da nake ɗauke da shi ƙawata take ce mini. "Ƙawata, yau ke ce direban? To a bi da mu a hankali." Ta kwance bakin zani ta ba ni aya, ta zagaya ta ɗaga ƙafa da ƙyar ta tura damin faya-fayanta a lungun da ke tsakanin kan mota da bodi, inda take turawa tun zamanin tsohon inji, ta yi wa Baba Allah Ya kiyaye hanya daga nesa, ta juya. Na gani da idona, kuma ban ga komai ba. Da an tambaye ni a lokacin me Iya ta yi, cewa zan yi ta ba ni aya.

Muka kama hanya, Kawu ya hana kowa magana, har ayar ya ce in daina tauna. Gonaki na wucewa, an girbe dawa an jingina kara, mata na tafe a gefen titi da ƙwarya a ka. Can sai ga tsamiyar. Baba ya sauko da giya, ya taka, fiton tobo ya tashi, sai farrrr, kat-kat-kat-kat. Ƙafar Baba ta fara ɗagowa, Kawu ya daka masa tsawa, "Kar ka ɗaga! Taka! In ya fashe ni zan biya, matsoraci!" Ya sunkuya ya kara kunne a ƙasan kujera, ya ɗago, ya kara a bayan kujera, sai na ga idonsa ya canza. Ya buɗe ƙofa motar na tafe tana jan ciki, ya tsaya a kan matakala, hannu ɗaya riƙe da ƙarfen madubi, ya leƙa baya. Iska ta ɗauke hularsa. Baba na cewa, "Ɗanjuma ka shigo, kar ka ja mini magana a dangi!" Kawu bai ko waiwayo ba, ya zura hannu can baya ya fizgo wani abu. Ƙarar ta ɗauke ɗif, motar ta zabura gaba har kaina ya bugi jikin kujera, muka haye hawan kamar ana jan mu da igiya.

Kawu ya dawo ya zauna ya rufe ƙofa, yana haki, ya ɗora wa Baba faifai a kan sitiyari. Sabon faifai, mai ja da kore, a tsakiyarsa wani baƙin zobe daidai faɗin bakin bututu. Ya ce, "Ga injin da za mu sauke." Baba ya gangara gefe ya tsaya, muka fito duka muka zagaya. Damin faya-fayan na nan zaune a lungunsa, ɗan taƙi kaɗan tsakaninsa da ragar bututun iska. In ana tafiya a miƙe, zuƙar ba ta kai ta ɗaga komai ba. Amma da an zo hawa da kaya aka taka sosai, sai tobo ya zuƙo faifan sama ya manna shi a bakin ragar, ya yi ta karkarwa yana dukan ƙarfe, inji ya rasa numfashi ya yi ta aman hayaƙi. Da an ɗaga ƙafa sai ya koma kan 'yan uwansa ya kwanta kamar bai san komai ba. Sau nawa Baba ya kifa kan motar yana dube-dube, damin nan na gaban hancinsa, amma abin da ido ya saba gani ai ba ya ganinsa. Baba ya kalli faifan, ya kalli Kawu, sai ya zauna a kan dutse ya fara dariya, irin wadda ba ta da sauti, kafaɗa kawai ke rawa, har ya sa hannun riga yana goge ido. Ni aka tura na ruga gangare na ɗauko hular Kawu, ina gudu ina tsalle, ban ma san me nake rerawa ba.

Da muka isa Gwaram, 'yar Iya Dije ta zo karɓar saƙo kamar kullum, Kawu ya miƙa mata faifan ya ce ko ta san wannan zanen. Ta ce, "Yo ni ma abin ya dame ni. Kwanan nan duk damin da ya zo, na saman da wannan baƙin. Ba mai saye, sai in ajiye a gida. Na ɗauka ko idon Iya ne ya fara, take ɗora fitila a kai." Kawu ya ce ta adana su da kyau, ba kowane faifai ne ya taɓa tsayar da mota ba. Ta yi dariya, ba ta gane inda ya dosa ba.

A hanyar dawowa ne suka yi musun da ya fi zama mini a rai. Kawu ya ce abu mai sauƙi, a gaya wa Iya ta canza wuri, ko a karɓa a sa mata a gaba. Baba ya ce a'a. Ya ce matar nan tun yana goye take ba shi fura, in ta ji cewa faifanta ne ya kusa raba shi da motarsa, ba za ta sake aikowa ba, kuma ba za ta sake sakewa da shi ba. In kuma aka ce ta canza wuri ba dalili, za ta ɗauka an gaji da ita ne. "Wurin nata ne, ta riga bututun zuwa." Kawu ya ce, "Wato ƙarfe za a lanƙwasa, ba tsohuwa ba." Baba ya ce, "Ai shi ƙarfe ba ya jin kunya." Ba mu wuce gida ba sai da muka tsaya wurin mai walda, ya ƙara wa bututun tsawo ya fito da bakinsa can saman kan mota, ya yi masa 'yar hula don ruwan sama. Baba ya ja wa Kawu kunne, ya ja mini, ya ce maganar faifai daga mu sai Umma sai Baffa. Masu shayi kuwa aka bar su da tsamiyarsu, har yau wasu na nan a kan cewa wainar Umma ce ta yi aiki.

Ana kiran magariba muka shawo kwana, Baba ya danna hon ya ƙi saki. Nafi'u ya fito da gudu ba wando. Umma ta leƙo daga zaure da ludayi a hannu, ta kalli fuskar Baba kawai ta koma ciki, sai ga shi an kama zakara. Baffa Isa ya zo bayan sallah, aka ba shi labari, ya ja carbinsa, ya ce, "To. Sa dai ba ya shaƙar faifai." Amma ranar ya sha ruwan da na kai masa, har ya ce in ƙaro. Washegari Baba ya aika wa Alhajin tirela cewa ya gode, a ba wani. Na yi firamare na gama, na yi sakandare, duk yana gida. Shi ya kai ni makarantar kwana da akwatina a bodin nan, tsakanin buhunan gyaɗa, ina ta roƙonsa ya ajiye ni nesa da ƙofa kar 'yan ajinmu su gani, ya kai ni har bakin ofis ya danna hon. Iya Dije kuwa ta ci gaba da tura daminta a lungunta duk ranar kasuwa har ƙarfinta ya ƙare, ta rasu ba ta sani ba.

Yanzu haka a wani gareji nake a Kano, a kan benci, ina danna wannan a waya. 'Yar motata ce ke wani ƙyas-ƙyas in na taka birki, yaron garejin ya jona mata na'ura yana kallon allo, ko kunne bai kara ba, kuma na san zai gano, ba ni da ƙorafi. Ɗazu na aika wa Umma atamfa ta tasha, na biya, na karɓi lambar direba, na ɗauki hoton motar, na kira shi ya fi a ƙirga kafin ya kai Wudil. Baba ya daina tuƙi, gwiwa ta hana, yana zaune a ƙofar gida yana yi wa jikoki alƙalanci, shi da Kawu Ɗanjuma har yau ba su gama musun wanda ya fi wani kunne ba. Rayuwata a nan ba laifi, alhamdu lillahi. Kawai dai wani lokacin nakan yi kewar zamanin da mutum ke da lungunsa a motar wani ba tare da ya tambaya ba.

Ku fa, a naku gidan, me aka taɓa lanƙwasawa don kawai kar ran wata tsohuwa ya ɓaci?